Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Muhalli Na Jihar Kano: A Buɗe Wa Masu Yasar Masai Da Magudanan Ruwa Aji

Zuwa ga Mai girma Kwamishinan Muhalli na Jihar Kano, tare da shugabannin hukumar kwashe shara ta REMASAB da malaman Makarantar Koyon Tsafta ta Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗaya ne daga cikin mutanen da ake kira da daddare. Idan masai ya cika, ko sokawe ya tumbatsa ya fara malala cikin lungu har maƙwabta sun soma ƙorafi, mu ake nema, kuma an fi so mu zo bayan isha'i mu gama kafin asalatu don kada kowa ya gan mu. A cikin gari "gidan kowa da akwai" ake ce mana. Sunan bai taɓa ɓata mini rai ba, domin gaskiya ce tsagwaronta, daga gidan malam har na attajiri akwai. Da bokiti da igiya na fara ina saurayi. Yau ina tuƙa motar zuƙa, yara huɗu na aiki a hannuna, furfura ta cika gemu. Bokon da nake rubuta wannan takarda da shi a ajin yaƙi da jahilci na same shi, na hukumar ilimin manya da gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa a 1980, saboda haka in an ga tuntuɓen alƙalami a yi mini afuwa.

Roƙo ɗaya na zo da shi, amma sai na fara da labarin da ya haife shi.

Shekara ashirin da wani abu ke nan, a wani dare na bazara, aka kira mu wani gida a cikin Badala. Mu biyar ne har da maigidana, mutumin da ya koya mini sana'ar. Muka fasa murfin ramin, maigida ya ɗaura fitilar ƙwai a igiya ya zura ta a hankali kamar yadda ya gada daga nasa maigidan. Wutar ba ta mutu ba, ko kaɗawa ba ta yi ba. Ya janyo ta ya ce, "Bismillah, lafiya ƙalau." Ƙaraminmu ya sauka da shebur. Saman ramin ya yi ɓawo mai tauri, sai ya kafa shebur ya fasa. Bai yi kira ba, bai yi tari ba, faɗuwarsa kawai muka ji. Yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana tsaye a bakin ramin. Kafin wani ya buɗe baki ya dira. Shi ma shiru. Na ɗaga ƙafa zan bi su, maigida ya shaƙo wuyan rigata ya fizgo ni baya har na faɗi zaune, yana kuka yana zagina. Ko da 'yan kwana-kwana suka fito da su, rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansu.

Da gari ya waye unguwa ta ɗauka, kowa na cewa iska ce. Gaskiyarsu, iska ce, amma ba irin wadda suke nufi ba. Ni kaina sai da na shekara goma sha biyar ina ɗauke da tambayar a raina: ta yaya fitila za ta rayu a inda mutum biyu suka mutu?

Amsar a wani ɗakin taro na otal na same ta. Wata ƙungiya ta shirya bita ta kwana uku, ni ma don wanda aka gayyata ya yi tafiya ne aka tura ni na cike gurbi. Wata malama ta tsaya gaban allo ta yi bayanin da bai wuce rabin awa ba. Ta ce idan bahaya ya ruɓe a wurin da iska ba ta shiga, yana fitar da wata iska mai warin baragurbin ƙwai, masana na kiranta haidirojin salfaid. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ƙasan rami take kwanciya, kuma mafi yawanta a cikin dagwalon take ɓoye, ƙarƙashin ɓawon nan. Sai an motsa take tasowa gaba ɗaya. In kaɗan ce hanci na jin ta. In ta kai kamar kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jin warin, mutum ya zaci wari ya tafi alhali a lokacin ne ya fi kusa da halaka. In ta kai kashi 700 zuwa 1,000 cikin miliyan, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato. Fitila kuwa ba ruwanta da wannan. Abin da take nunawa kawai shi ne ko akwai sauran oksijin, shi ma ba daidai ba, domin iskar duniya tana da kusan kashi 21 cikin 100 na oksijin, ƙa'idar aiki ta ce in ya gaza 19.5 kada a shiga, wutar fitila kuma takan ci gaba da ci ƙasa da haka. Ta ƙara da cewa ramin yana tara wata iskar mai kama wuta, irin wadda ake tarawa daga kashin shanu a yi girki da ita, ke nan zura fitila ma kansa caca ce da rai.

Ina zaune a kujerar otal hawaye na zuba mini, na kusa da ni na zaton sanyin na'urar ɗakin ne ya dame ni. Maigidana ya rasu yana ganin kamar shi ya kashe yaran nan. Bai yi sakaci ba. Duk abin da aka koya masa ya yi, abin da aka koya masan ne bai kai ba.

A nan ne kuma na ji cewa hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta taɓa ƙiyasta, a wani gargaɗi da ta fitar a 1986, cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan ramuka da tankuna waɗanda suka shiga ceto ne. Ban yi mamaki ba. Duk wanda ke sauraron rahotannin hukumar kashe gobara ta Kano a rediyo ya san yadda labarin rijiya da masai ke zuwa: ɗaya ya faɗa, na biyu ya bi shi, wani lokaci har na uku.

To, ranka ya daɗe, an gama bita, an ba mu takardar shaida da riga da kuɗin mota, an ɗauki hoto. Tun daga ranar ba wanda ya sake kiranmu. Cikin waɗanda muka zauna a ɗakin nan, da yawa manyan sana'a ne masu motoci, waɗanda rabonsu da leƙa rami an daɗe. Yaran da ke tuɓe riga su sauka kuwa suna can bakin titi suna jiran aiki. Wannan shi ne roƙona: a mai da koyarwar nan abin da ake maimaitawa kowace shekara, a kai ta inda masu aikin suke, a ɗaure ta da sabunta izinin aiki. Likita ba ya sabunta lasisinsa sai ya nuna ya ƙaro ilimi. Ma'aikatan jinya haka. Jami'an duba-gari ma suna da majalisarsu ta ƙasa da aka kafa da dokar 2002, tana yi musu rajista tana sabunta musu lasisi. Mu da muke sa hannu cikin abin da su suke dubawa daga nesa, sau ɗaya a rayuwa ake tara mu, in an yi sa'a.

Wani zai ce ai rami rami ne, me ya canza da za a riƙa komawa aji? Wanda bai shiga ba ne zai faɗi haka. Salgar da na fara yashewa ramin ƙasa ce, bakinta a buɗe, abin da ke ciki kuma an san shi. Yanzu sokawe ne na bulo da siminti, an rufe shi ruf da kankare, wani ma an ɗora masa tayil ko an gina shago a kai, ƙofar shigarsa da ƙyar take ɗaukar kafaɗar mutum. Iska ba ta da mafita sai ranar da muka buɗe. Abin da ake zubawa ciki ma ya sauya. Ga kunzugun jarirai na zamani da ba ya ruɓewa, ga ledoji, ga allurai da reza daga gidajen da ake sayar da magani ko ake yi wa mutane allura. Ga ruwan wanke ban-ɗaki iri-iri. Akwai matar gidan da kan tuttula ruwan batir ko wani mai ƙarfi irinsa cikin ramin kafin mu zo, wai don ya narkar mana da aiki, ba ta san ta ƙara tayar da iskar nan mai kisa ba. Idan kuma mai ƙarfin ya haɗu da ruwan bilic, wata gubar ce daban ke tashi mai ƙona ido da ƙirji. Maigidana bai taɓa gamuwa da waɗannan ba, balle ya koya mini.

Sannan mutanen ma canzawa suke. Sana'armu ta dogara da 'yan ci-rani. Da an gama girbi sai samari su shigo daga ƙauyuka, su yi wata biyar ko shida, da hadari ya fara haɗuwa su koma gona. Baɗi wasu ne daban za su zo. Wanda ka koya wa bara yana can yana huɗa, wanda ke gabanka bai taɓa jin komai ba. Bitar shekara ɗaya ba ta kai ga na shekara mai zuwa.

Mu tsofaffin ma ba mu tsira ba, domin sabo ke cin mu. Ka shiga rami ɗari lafiya, sai zuciya ta ce maka na ɗari da ɗaya ma haka. Ni da na ga abin da na gani, na taɓa kama kaina na sa ƙafa a tsani ba igiya a jikina, don ana sauri mai gida na ƙorafin dare ya yi. Kuma hana kai dirawa bayan ɗan'uwa ba abu ne da ake koya da kunne ba. Sai an gwada an sake gwadawa har jiki ya haddace: kai ka riƙe igiya, kai ka kira 'yan kwana-kwana, kai ka tare bakin ramin kada wani ya shiga. Soja ma da ya san harbi kullum yana fareti.

Ga abin da nake ganin ajin zai ƙunsa, in an yarda talaka ya ba da shawara. A bar otal. A samu fili a gina ramin gwaji, ko a yi amfani da wani busasshen tanki, a tara mutum ashirin ko talatin da safe a sallame su kafin azahar. A koyar da Hausa, da baki da nuni, domin da yawanmu allo suka yi, in za a raba takarda a buga ta da boko da ajami da hotuna. Jarrabawar kuma ta hannu ce. A ba yaro ɗamarar da ake ratayawa a kafaɗa da cinya ya ɗaura da kansa, a ga ko ya san bambancinta da igiyar da muke zargawa a ƙugu, wadda in mutum ya sume sai ta naɗe shi biyu ya maƙale a bakin rami. A sa buhun yashi mai nauyin mutum a ƙasa a ce su fito da shi ba tare da kowa ya sauka ba. Ƙarfe mai ƙafa uku da ake kafawa a bakin rami a ja mutum da shi, masu walda na Ƙofar Ruwa za su iya ƙera shi in an ba su zane, a gwada ƙarfinsa kafin a amince da shi. A nuna musu a buɗe murfi a ja da baya, a hura iska da inji kafin shiga da lokacin da ake ciki, a ajiye janareta ko injin ja nesa da bakin ramin, domin hayaƙinsa shi ne dai wanda ke kashe iyali guda suna barci.

A kuma faɗa musu gaskiya game da takunkumi. Tun zamanin korona kowa ya ɗauka in ya rufe hanci da ƙyalle ya tsira. Ƙyalle fantsama yake tarewa, iskar guba ratsa shi take kamar ba ya nan. Haka kananzir da baƙin mai da muke zubawa, wari suke dannewa, ba sa kashe guba, ƙara haɗarin gobara ma suke. Madarar gwangwani da ake sha bayan aiki wai tana wanke ciki, abinci ce mai kyau amma ba magani ba ce. In an fito da wanda ya sume, a daina ɗura masa manja ko ruwa, yana iya shaƙewa. A kai shi sarari, in ba ya numfashi a danna ƙirji, a garzaya asibiti. 'Yan Red Cross da 'yan kwana-kwana sun iya koyar da wannan, a gayyato su. Akwai kuma maganar da ba ma son yi a gaban baƙi: wasu yaran sai sun haɗiyi ƙwaya suke iya sauka, don su daina jin wari da ƙyama. Wanda ya bugu ba zai gane jiri ya fara ɗibarsa ba. Wannan dattawan sana'a ne za su faɗa musu su ji, shi ya sa nake roƙon kada malaman makaranta su tsaya su kaɗai a gaban ajin. A haɗa kowane malami da tsohon hannu.

Na'urar auna iska ita ce ta gagare mu. 'Yar ƙarama ce kamar wayar hannu, tana auna iska huɗu, tana ƙara in akwai haɗari. Sau ɗaya na taɓa riƙe ta, a wajen bitar nan. Mai bokiti ba zai iya sayenta ba, kuma ko an raba kyauta, sai ana gwada ta ana daidaita ta, hancinta ma yana tsufa cikin 'yan shekaru a sauya shi. In ba haka ba ta koma fitilar maigidana, tana nuna lafiya alhali babu. Me zai hana a ajiye 'yan ƙwarori a ofishin duba-gari na kowace ƙaramar hukuma ta cikin birni, Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, mai katin horo ya sa hannu ya ara ya dawo da ita, Makarantar Koyon Tsafta kuma ta riƙa duba lafiyarsu? Makarantar nan tun zamanin Turawa take yaye duba-gari. Tana da malamai, tana da ɗalibai masu neman wurin gwajin aiki.

Kada a ɗauka mu masu mota mun wuce aji. Yawancin rigimarmu da masu gida daga rashin sani take. Tiyo ruwan sama-sama yake zuƙewa ya bar dagwalo mai kauri a ƙasa, bayan wata uku rami ya sake cika a ce mun yi ha'inci. Direban da aka koya wa ya san zai mayar da ruwa ya dama daga waje da dogon ƙarfe ya sake ja, ba sai ya tura yaro ciki ba. Ya san ba a kai tayar mota kan murfin rami. Ya san ramin da ba a ɗaure bangonsa da bulo ba, in aka kwashe shi ƙarƙaf da damina yana iya ruftawa. Ya san cikin tankin motar kansa rami ne, yaron da aka tura ya wanke shi yana cikin haɗari ɗaya da na cikin masai. A lungunan cikin Badala kuwa, inda ko kura da ƙyar take juyawa, akwai famfon hannu da ake kira Gulper, ana aiki da shi a Darussalam ta Tanzaniya da Kamfala ta Yuganda, mutum na tsaye a sama yana ja abin na zuba cikin ganga. Ba ya jan wanda ya bushe ya yi tauri, amma duk ramin da ya kwashe an rage mutum ɗaya da zai sauka. A kawo ko guda biyar ne a gwada a ƙasarmu a gani.

Sai 'yan'uwanmu masu yasar kwata da lambatu, waɗanda aka fi mantawa da su saboda aikinsu a fili yake kamar ba haɗari. Su ne ke tsaye cikin baƙin ruwa har gwiwa da silifas, wani ma ba takalmi, suna fito da ledar fiya wata da robobi da fasassun kwalabe. Yankan kwalba ɗaya cikin wannan ruwan ya isa ya jawo ciwon sarƙewar haƙora, kuma akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera ta ciwon ƙafa, ta zo da zazzaɓi a yi ta shan maganin maleriya a banza. Magudanan ma sun sauya. An rufe wani sashe na Jakara da kankare an ɗora titin Wuju-Wuju a kai, manyan tituna da yawa kwatocinsu a rufe suke da silaf. Wanda ya kutsa cikin rufaffiyar magudana ko doguwar kwalbati ya shiga rami ne a kwance. Ga iskar guba, ga kuma ruwan da aka yi a wata unguwa can sama, ya taho masa a guje alhali inda yake ko yayyafi babu. Na ɓangaren Bompai da Sharaɗa da Challawa kuma, ruwan masana'antu da na majemu suke shiga ba su san me ke cikinsa ba.

Kowa ya tuna damunar 2022 da ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfofi da shadda (ta sawa nake nufi, ba irin tamu ba). Kowa ya san yadda shataletalen Baban Gwari kan koma in an yi ruwa mai ƙarfi. Duk shekara kafin damina ana fitowa yasa, ƙungiyoyin aikin gayya na unguwanni ma suna fitowa ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, Allah ya saka musu. Amma sau nawa muka ga an tula dagwalo a gefen kwata an bar shi, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi? Sau nawa aka fara yasa daga sama aka bar ƙasa a toshe? Wannan ma ilimi ne, ana koyar da shi. Don haka nake ganin zama biyu a shekara shi ne mafi ƙaranci, ɗaya a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka, na masu magudana, a gayyato shugabannin 'yan aikin gayya su ma su zauna, ɗaya kuma a Nuwamba lokacin da 'yan ci-rani ke shigowa. Ga shi ma 19 ga Nuwamba ce ranar ban-ɗaki ta duniya. Maimakon jawabi da yanka ƙyalle, a yi ajin a ranar.

Akwai laifinmu da ba zan ɓoye ba. Wasu cikinmu in dare ya tsala sukan juye kayan a lambatu mafi kusa, ko kududdufi, ko kangon da ba kowa. Ruwan nan Jakara yake bi, masu lambu su ja shi su shayar da latas da alayyafo, ragowar ya sauka madatsar Wasai. Damina na zuwa a fara ɗaukar masu amai da gudawa zuwa Asibitin Zana. Wasu kuma manoman bayan gari suke kai wa, kuma Kano ta daɗe tana ciyar da gonakin kewayenta da takin birni tun ana kai shi a kan jakuna. Amma ɗanyensa na ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ke daɗewa a ƙasa da ransa, sai an shanya shi ya bushe ya daɗe kafin ya zama takin da ba ya cutarwa. Yaron da aka nuna wa wannan hanyar, daga lambatu zuwa kwanon ƙanwarsa, zai yi tunani kafin ya buɗe bakin tanki. Sai dai, ranka ya daɗe, in an koya mana kada mu zubar a nan, dole a nuna mana inda za mu zubar, wuri a kowace kusurwar gari mai hanyar da mota za ta shiga har cikin Agusta. In wurin ya yi nisan da man mota zai cinye kuɗin aikin, aji ba zai hana komai ba.

Gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsafta a Nuwamban 2018, shekara guda bayan nan aka sa hannu a umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili, maƙwabciyarmu Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ba shaidar ta kai ga haka a 2022. Madalla. Amma kowane ban-ɗaki da aka gina cika zai yi. Kano ba ta da babban bututun da ke kwashe na gidaje ya kai matata irin ta Wupa a Abuja. Mu ne bututun, da ƙafa da taya. In an ƙara ramuka ba a ƙara wa masu kwashe su sani ba, an ɗauke ƙazantar ne daga bayan gari an ajiye ta zuwa wani lokaci.

Tsorona ɗaya, kuma shi ne ya sa wasu abokan sana'a suka ce kada in rubuta wannan takarda. Sun ce da zarar an ambaci kati da izini, abin zai rikiɗe ya koma haraji da kame, a tare mai kura da ganga biyu a ce ya kawo abin da bai samu ba a mako. Ina roƙon kada a yi haka. Indiya ta yi doka a 2013 ta haramta tura mutum cikin irin waɗannan ramuka ba kayan kariya, har yau ana mutuwa a cikinsu, domin wanda doka ta kora ba tare da an ba shi wata hanya ba, ƙara nutsawa cikin dare yake. Katin ya zama kyauta ko kusa da kyauta. Wanda ya bar aikin yini ya zo aji a ba shi abin cefane. A ajiye ma'aikacin lafiya a bakin ƙofa yana yin rigakafin sarƙewar haƙora da na ciwon hanta, yana ba da maganin tsutsa, a rubuta a bayan katin. In mutum ya ga katin na kawo masa allura da aron na'ura da kariya daga masu tare hanya, da ƙafarsa zai zo sabuntawa. Daga nan sai a bi ta masu unguwanni da limamai da gidajen rediyo a gaya wa masu gida su tambayi kati kafin su ba da aiki, su bar mu mu yi da rana ido na ganin ido, su kuma daina haƙa masai a jikin rijiya, tunda tazarar da ake so wajen mita 30 ce, ko da yake na san filayen yanzu ba sa ba da wannan damar.

Wasu za su ce ajali ne, in ya zo ko a kan katifa sai a tafi. Haka ne, ba mai musun wannan. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta tukuna.

Makon jiya wani yaro ya zo mini daga ƙauyensu, ɗan wajen shekara ashirin, da 'yar jakarsa da wasiƙar baka daga kawunsa cewa in riƙe shi amana. Na zaunar da shi a gindin mota bayan magariba na gaya masa duk abin da malamar nan ta gaya mana, gwargwadon abin da ban manta ba. Ya ce to, ya ce to. Ban sani ba ko ya shiga. Ba ni da na'urar da zan nuna masa, ba ni da ramin gwaji. In ma'aikatarku ta shirya fara ajin, motata da tiyona da filin da muke ajiye motoci suna nan, kuma zan kawo yarana huɗu da shi na biyar su zauna a sahun gaba.

Allah ya yi jagora. Wassalam.

Naku,
Wani direban motar zuƙar masai, daga cikin birnin Kano.